Jan Ɗigon Baba Ƙarfe

Kafin malaman jami'a su gani, kafin 'yan ajin ma su ji labari, Baba Ƙarfe ne ya fara ganin taswirar nan, a kan teburin falonsa. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba, amma ambaliya ta ci gidansa ta bar shi tsaye, mota ta buge shi ita ce ta lotse!

Jikarsa ce ta zo da kwamfuta. Tana digiri na biyu kan tsara manufofin gwamnati, kuma bana malamansu sun ce dogon bayani a takarda ya isa haka, kowa ya ɗora hujjarsa a taswira. Ta danna, tituna suka fito. Ta sake dannawa, asibitoci suka hau kansu. Can sai ga jajayen ɗigo birjik.

"Waɗannan fa, amarya? Ƙyanda ce ta kama garin?"

"Tsofaffin da asibiti ya yi wa nisa ne, Kaka. Masu rauni. Ga naka nan bayan gada."

Baba Ƙarfe ya miƙe zumbur. Gwiwa ta yi ƙara, ya yi tari ya rufe ƙarar.

"Ni ne mai rauni? Goge ni!"

"In ka ce a goge, dole in goge, ba a barin mutum a ciki sai da yardarsa. Amma ku kaɗan ne a layinku. Ina cire ka unguwar za ta koma kore, wato ba kwa bukatar ƙaramin asibiti. Haka malaminmu zai miƙa wa hukuma."

Ya tuna maƙwabcinsa tela, wanda ake turawa a baro ranar ganin likita. Ya sosa ƙeya.

"Wanne ne ma nawan? Duk ga su mitsi-mitsi kamar kashin ƙuda."

Ta sa yatsu biyu a allon ta buɗa wurin. Ɗigon ya yi ta kumbura har ya cika allon, sauran duk suka ɓace.

Baba Ƙarfe ya koma ya zauna, ya gyara hula.

"Ashe na'urar ta san manya! Bar shi nan, tela ya raɓu da ni."

"An gama, angona," in ji ta, tana danne dariya.

Taswira ta tafi jami'a da ɗigonsa a ciki, yarinya ta ci jarrabawarta, har masu awon filin asibiti suka leƙo bayan gada. Kaf garin nan babu ɗigon da ya kama ƙafar na Baba Ƙarfe. Mai musu ya zo falon ranar da jikar take gida, ya aro tef ɗin tela, ya auna da hannunsa!