Ƙarfe Shida Zuwa Bakwai

"Ya ƙi sha fa, Maman Zarah," in ji Suweiba, ta tare Karimatu a bakin lif. "District nurse, nas ɗin da ke zuwa gida, ya yi magana har ya gaji. Wai maganin yana cikin list."

Hausar Suweiba ta zangon Kumasi ce, mace ma "ya" take ce mata, amma Karimatu ta san wa ake nufi. Gulten ce, Baturkiyar da ƙofarta ke kallon tasu a hawa na huɗu. Ciwon daji ya gama cin hanjinta, asibiti sun sallamo ta ta ƙarasa a gida, ita kuma ta kafe ba za ta sha morfin, maganin kashe zafin ciwo, ba, wai yana cikin jerin magungunan da aka haramta wa 'yan gudu.

Karimatu ta ja tsaki. "Yau ta san list? Ƙyale ta, ta yi ta ihu."

Duk wanda ke wannan bene na council, wato ƙaramar hukuma, a unguwar Whitechapel ya san tarihin. Gulten ta yi wa ƙasarta gudun mita dubu biyar, ta ci lambobi, aka zagaya gari da ita a buɗaɗɗiyar mota. Sai aka gwada jininta aka sami maganin ƙara kuzari, aka dakatar da ita shekara biyu. Ta dawo, ba ta daddara ba, aka sake kama ta. Wannan karon aka kore ta har abada, aka karɓe lambobin aka ba waɗanda ta yi wa fashinsu. Mijinta, wanda shi ne kocinta kuma shi ke tsira mata allurar, ya sami wata mai sabuwar ƙafa ya yi gaba. Ita kuwa ta ƙare a Landan tana guga a shagon wankin wani ɗan garinsu.

Karimatu nas ce. Shekara sha tara tana tsayuwar awa sha biyu a kan ƙafarta, babu wanda ya taɓa rataya mata komai a wuya sai katin aiki. Ba ta ga abin tausayi a nan ba. Ɓarauniya ce kawai, ita da ƙafa ta yi tata satar.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne awa ɗayan nan. 'Yan gudu suna da doka: kullum sai ka ware awa ɗaya da wurin da masu gwaji za su same ka, in sun ga dama su faɗo ba sanarwa. Gulten ta zaɓi shida zuwa bakwai na safe. An goge sunanta tuntuni, kuma babu mahaukacin da zai ɓata kwalba a kan wadda ba za ta sake gudu ba. Amma kullum shida na bugawa za ta zare sakata, ta bar ƙofa a buɗe, ta zauna kan kujera da gorar ruwa a cinya, kamar mai jiran baƙo daga Makka. Shekara goma sha ɗaya ke nan Karimatu na wuce ta in za ta aiki, tana ce mata "morning" a ciki-ciki.

Kwana uku nishin matar yana ratsa bango. Rana ta huɗu da la'asar Karimatu ta faɗa mata ɗaki ko sallama babu.

"Wai wa kike yi wa wannan?" ta ce mata da Turanci. "Morfin ɗin nan, ko a dokarku sai ranar gasa yake laifi. Gasar me kike shirin shiga?"

Gulten na kwance, ta rame har ƙashin kuncinta ya fito. "In suka zo..."

"Ba mai zuwa! Ba su ma san kina da rai ba."

"Na farkon na san abin da ake ba ni," in ji Gulten a hankali. "Na biyun ma na sani. Ban ce an zalunce ni ba. Amma shekara sha ɗaya ko maganin mura ban sha ba sai na duba. Takardar ƙarshe mai sunana cewa ta yi jinina da datti. So nake a rubuta wata a kanta."

Karimatu ta fito tana taɓe baki. A rubuta wata, sai ka ce jarrabawar makaranta.

Washegari shida da minti goma ta fito da kayan aiki, katinta a wuya. Ƙofar a buɗe take. Allah kaɗai ya san yadda matar ta jawo jiki daga gado zuwa kujerar nan, gumi ya jiƙe mata riga. Karimatu ta yi niyyar ta ɗaga ta ta mayar, sai ta ƙwanƙwasa ƙofar don kada ta firgita.

Gulten ta ɗago idanun da suka dushe, ta ga rigar asibiti, ta ga kati. Ta miƙe baya. "Kun zo," ta ce. Ta faɗi cikakken sunanta da ranar haihuwarta, ta naɗe hannun riga ta miƙo hannu.

"Ni ce, sakarya," ya zo wa Karimatu har bakin harshe. Ta tsaya tana kallon hannun, duk fata ce da jijiya. Sannan ta sake jan tsaki, ta buɗe jaka, ta sa safar hannu, ta fito da 'yar na'urar da take gwada sukarinta da sabuwar allura. Ta tsira wa Gulten a yatsa. Na'urar ta yi ƙara.

"Babu komai," ta ce. "Tsaf yake."

"Rubuta."

Babu takarda sai ambulan ɗin wasiƙar council a kan tebur. Karimatu ta juya bayansa ta rubuta suna da kwanan wata da lokaci, ta rubuta cewa jini tsaf, ta sa hannu. Gulten ta sa nata a ƙasa. Ta karanta sau biyu, leɓenta na motsi.

"Na gode, Karima," ta ce. "Yanzu kawo maganin."

Karimatu ta kalle ta. Kunya ta kama ta, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, don ashe matar ta gane ta tun daga ƙofa. Ta auna maganin ta ba ta. Ranar ta makara wurin aiki.

Bayan kwana biyu Gulten ta cika cikin barci, da hantsi. Daga ƙasar da ta taɓa zagaya gari da ita ko waya ba a bugo ba. Karimatu da Suweiba da wasu Turkawa mata biyu ne suka yi mata wanka a masallaci.

Da suka dawo Suweiba ta ce a kulle flat ɗin a kai wa council makulli. Karimatu ta shiga kashe fitila. Kujerar na nan tana fuskantar ƙofa, ambulan ɗin a kanta, rubutun yana sama, an danne shi da gorar ruwa.