Buhu Tamanin da Haƙoran Roba

Shekara talatin da takwas ina duba waken soya a sito ɗaya. Aikina in ce wannan ya bushe, wannan da saura. Nakan soka ƙarfe a buhu, in ɗebo 'yan ƙwayoyi, in ciza. In ya fashe ƙas, ya bushe. In ya lotse, a mayar da shi rana. Ba a taɓa dawo da kayan da na ce a wuce da su ba. 'Yan dako sun sani, direbobi sun sani.

Bara aka kawo sabon tsari. Manaja ta tara mu a ƙofar ofis. Ta ce sunan abin bulokcen. Littafi ne guda a cikin kwamfuta, amma yana hannun gida shida lokaci ɗaya: ƙungiyar manoma, mu, kamfanin motoci, masu jirgin ruwa, hukumar duba kaya, da masana'antar da ke sayen waken a ƙetare. Abin da ɗaya ya rubuta, sauran biyar sun gani a take.

Na ce, "In mutum ya rubuta ba daidai ba fa?"

"Sai ya ƙara wani layi a ƙasa, Baba. Na farkon ba ya goguwa."

"Ko ke?"

"Ko ni. Ko wanda ya ƙirƙiro shi."

Na ce to, wannan damuwar masu kuskure ce.

An kuma kawo na'urar auna damshi, wata aba kamar kofi mai murfi, da ke tura lambarta cikin littafin da kanta. Littafin yana karɓar ɗayan biyu, lambar na'ura ko yatsan mai duba kaya. Na ɗora na'urar a kan taga. Yatsana nake dangwalawa a gilashin wayar ofis.

Watan jiya 'yata ta kai ni wurin likitan haƙori. Turamena uku suka rage, su ma suna rawa. Ya cire, ya auna bakina, bayan sati biyu ya sa mini na roba sama da ƙasa. 'Yata ta ce na koma saurayi. Na ce ta kama bakinta.

Ran Litinin na koma aiki. Buhu tamanin suka shigo daga ƙungiyar manoma. Na soka, na ciza, ƙas. Na gaba, ƙas. Har na ce a raina manoman nan sun fara hankali. Na dangwala yatsa: ya bushe, a loda ran Laraba.

Talata da safe igiyar takalmina ta kwance a tsakanin layin buhuna. Na dafa ɗaya zan sunkuya, na ji ɗumi a tafin hannuna. Busasshen wake ba ya ɗumi. Na farke bakin buhun na cusa hannu har gwiwa. Ciki kamar ƙarƙashin kaza mai kwanci. Na danna ƙwaya ɗaya da farce, ta lotse. Na jefa wata a baki na ciza, ƙas. Na tofar, na ciza babu komai a bakin. Ƙas.

Na duba buhu goma sha biyu da hannu. Tara suna da ɗumi.

Na sami Manaja a ofis tana cika takardar lodi. Dogo, direban da zai kwashi kayan, yana zaune a kan benci da kofin shayi.

Na ce, "Manaja, layin jiya. A cire shi."

Ta ajiye biro. "Me ya faru?"

"Waken bai bushe ba."

Dogo ya ƙware da shayi. "Baba? Kai?"

"Ba da kai nake ba."

Manaja ta ce, "Baba, ai na gaya maka ba ya ciruwa."

"Kira mutanen. Ki ce su kau da kai minti biyar."

"Gida shida ne. Ko duk sun kau da kai, kwamfutocinsu ba sa kau da nasu."

Dogo ya matso da bencinsa, ya rage murya. "Baba, tsakani da Allah, a loda kawai. Sati biyar kayan nan za su yi a teku. In sun yi fumfuna sai a ce kwantena ce ta yi yoyo. Masu jirgi su ce masu mota ne, mu mu ce masu jirgi ne. Kai kuwa wa zai kalle ka? Mutumin da bai taɓa kuskure ba?"

Gaskiya ya faɗa. Ba wanda zai kalle ni. Manaja ta zuba mini ido kawai. Fanka tana juyawa a sama, tana kaɗa kusurwar takardar lodin.

Na ce, "Buɗe sabon layi."

Ta buɗe. "Yana son dalili."

"Ki ce an sake dubawa."

"Wannan ba dalili ba ne. Yana son abin da ya jawo."

"Ki ce na'ura."

"Na'urar tana kan taga wata goma sha ɗaya, Baba. Gizo-gizo har ya yi iyali a ciki. Littafin ya san ba ta taɓa cewa uffan ba."

Na tsaya. Dogo ya daina shan shayin.

Na ce, "Rubuta. Buhu tamanin ba su bushe ba. Kuskuren mai duba kaya ne. Da haƙoran roba ya ciza."

Ta ɗago. "Na ƙarshen nan ba dole ba ne."

"Dole ne. Kada su ce tsufa ne."

Ta rubuta. Na dangwala yatsa. Wayar ta yi ɗan ƙara, shi ke nan, ya isa gida shida.

Kwana uku muka shanya waken a kan tamfol a filin sito. Dogo ya koma gareji babu kaya, kuma bai koma da baki rufe ba. Kafin azahar 'yan dako sun fara tambayata ko a kawo mini dutse in gwada musu. Wanda ya fi su dariya na sa shi juya wake har la'asar.

Ran Alhamis layi na uku ya shigo daga masana'anta. Sun gode. Sun ce daga yau lambar na'ura kawai za su karɓa daga sitonmu. Hukuma ta sa na huɗu, ta amince. Manaja ta sauko da na'urar daga taga, ta kakkaɓe, ta nuna mini inda ake zuba wake da inda ake dannawa. Dannawa biyu ne. Ban nemi ta maimaita ba.

Da zan fita na ce, "Layin nan nawa na biyu, har yaushe zai zauna?"

"Har bayan ranmu, Baba."

"Karanta mini shi."

Ta karanta. Na saurara har ƙarshe. Babu kuskure a ciki. Na ɗauki na'urar na tafi bakin ƙofa, mota ta shigo da buhu ɗari da ashirin.