Bariton Na Uku a Shagon Don Nicanor

Shekara goma sha tara ina busa bariton a ƙungiyar kiɗan merenge ta garinmu, San Pedro, kafin iskar teku ta gama cinye nawa. Shi ne babban saksofon ɗin nan mai kaurin murya, wanda in na rataya shi yake kai min gwiwa. Da ya fara yoyon iska ta ko'ina, shugaban ƙungiyarmu ya tura ni babban birni wajen Don Nicanor, wani dattijo mai gyaran kayan busa, don ya ji an ce yana da tsofaffi guda uku na sayarwa.

Na isa da hantsi. Dattijon ya ba ni kofi, ya ƙare min kallo, ya tambaya ko mijina ne ya aiko ni. Na ce mijina ko usur bai iya busawa ba. Ya yi dariya har da tari, sannan ya jawo akwatuna biyu.

Na farko ɗan Amurka ne, ruwan azurfa, ya girme ni nesa ba kusa ba. Muryarsa ta cika shagon har gilasan kanta suna rawa, amma maɓallansa sun yi nisa da juna, kafin in gama waƙa ɗaya hannuna ya ƙage. Na biyu ɗan Faransa ne, mai laushin taɓawa, yana da ƙarin murya ɗaya ta can ƙasa wadda na farkon ba ya kaiwa. Na yi ta ɗaukar wannan ina ajiye wancan har rana ta take.

Da na tambayi na ukun, ya ce kada in ɓata lokacina, wani ya yi masa gyaran ganganci. Na nace, ya sauko da shi daga saman kabad.

Yana buɗe akwatin warin taba da kanumfari ya buge ni. Kayan ya yi baƙi, duk ya lotsa. Da na ɗora hannun hagu, ƙaramin yatsana ya ci karo da wani guntun tagulla da aka liƙa a kan maɓalli, aka ɗaga shi sama, yadda mai guntun yatsa zai iya kaiwa.

Mahaifina, Belarmino, injin matse rake ne ya cinye masa rabin wannan yatsan. Shi ma bariton yake busawa, kuma kanumfari yake taunawa don kada Mama ta ji warin taba. Ina shekara tara ya ɗauki akwatinsa ya ce jirgin ruwa zai kai shi New York, wata ƙungiya na jiransa. Mama ta jira wasiƙarsa har ta koma ga Allah.

Na sa bakin busata na hura. Wuyan kayan ya ɗan karkace, dole sai na kwantar da kai gefe kafin bakina ya zauna daidai. Da na ɗaga ido na ga kaina a gilashin ƙofa, kafaɗa ɗaya a sama, kai a karkace, tsayuwar mahaifina sak. Muryar kuwa ita ce wadda nake ji ta bayan katanga ina ƙarama. Na tsaya a tsakiyar waƙa.

"'Yata, lafiya? Ko kofin ne ya yi ƙarfi?"

Na ce lafiya lau, na tambayi inda ya samo shi. Ya ce wata mata ce daga Hato Mayor ta kawo bara, bayan mutumin da ke haya a ɗakinta na baya ya rasu. Shekara talatin yana zaune a wajenta. Daga ƙofar gidanmu zuwa Hato Mayor ba a yin awa ɗaya a mota.

Ɗan Faransan na saya, don da shi zan ci abinci. Ban gaya wa dattijon komai ba, sunan matar kawai na karɓa.

Ran Lahadi na je. Doña Crecencia tsohuwa ce siririya, ta karɓe ni ba tare da yawan tambaya ba. Ta ce mutumin gyaran takalma yake yi, ba ya faɗa da kowa, kuma ya ce mata ba shi da kowa a duniya. Tunda yake bai taɓa busa kayan nan ta ji ba. Sai dai duk Lahadi da ƙarfe huɗu yakan rufe ƙofa ya ɗauko shi, ya yi ta danna maɓallan ba tare da ya hura ba, ita kuma tana jin ƙas-ƙas ɗinsu ta bango har magariba.

Ta kai ni ɗakin. Gado ne kawai da kujera, da ƙusa a bango.

"Shi ya sa na sayar," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka in kayan ya bar gidan zan daina ji. Ban daina ba."

Ta tambaye ni ko ni wani abu ce a wajensa. Na ce ni dai mai busa ce. Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ce in zauna, huɗu ta kusa, bari ta ɗora kofi mu saurara tare, ko ta san ba ita kaɗai ke ji ba.

Na zauna a kujerar ina jin motsinta a kicin. Huɗu saura kwata na miƙe, na bi ta ƙofar baya na nufi tasha. Har na sha kwana ina jin tana kirana, tana cewa kofin ya tafasa.