Akwatin Baba Gershon

Baba Gershon ya rasu wata ranar Talata da hantsi, yana zaune a kujerarsa a gindin mangwaro, a gidansa na Madakiya. Kafin yamma aka kai gawar Kafanchan aka ajiye a asibiti, washegari kuma 'ya'ya da jikoki suka cika gidan. Jikarsa Faustina ce ta riga kowa isowa. Malamar firamare ce a Kafanchan, kuma a hannun tsohon ta girma tun bayan rasuwar mahaifiyarta.

Da aka zauna shawarar jana'iza, Kawu Ezekiyel, babban ɗan marigayin, wanda yake aikin gwamnati a Kaduna, ya ce zai shiga Kafanchan ya zaɓo akwatin gawa mai kyau, irin mai ƙyalli da mariƙan ƙarfe.

Ƙanwarsa Anti Tamar ta share hawaye ta dube shi. "Yaya, ka manta Baba yana da nasa?"

Sai dariya ta ɗan ɓalle a tsakar gidan, har da masu kuka. Babu wanda bai san labarin ba. Baba Gershon kafinta ne, ya yi aiki a reluwe har ya yi ritaya. Abu na farko da ya ƙera da ya dawo gida shi ne akwatin da za a binne shi a ciki, alhali lafiyarsa ƙalau, yana noma cittarsa da kansa.

"Ranar da ya gama," in ji Anti Tamar, "Mamarmu Zipora ta dawo daga zumuntar mata ta same shi kwance a ciki, ya rufe ido, ya haɗa hannu a ƙirji. Ta yar da jakarta ta fasa ihu. Sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, Zipora, yi haƙuri, ya ɗan matse ni a kafaɗa."

Daga nan hira ta kwance. Wani ya tuna yadda tsohon yake ɗaura nakatai a wuya ya tafi gona duk ranar Litinin, wai gona ma ofis ce. Wata ta ce a coci kullum yana bayan mawaƙa da layi guda, sai kowa ya yi shiru sannan ya ƙarasa nasa shi kaɗai, da murya kamar ta jirgin ƙasa. Ita Faustina abin da ta tuna daban ne. Akwatin nan a ciki yake ajiye irin acca da gyaɗa, kuma in ya aike ta ɗebo gyaɗa tana yarinya, sai ta tsaya a bakin ƙofa, tsoro ya hana ta shiga. Shi kuwa ya zo ya kama hannunta ya ɗora a kan katakon. "Taɓa ki ji. Maɗaci ne, itace ne kawai. Ni na sassaƙa shi."

Kawu Ezekiyel ya ce to, a je a fito da shi a goge. Faustina ta karɓi makulli ta buɗe ɗakin ajiya. Buhunan acca suna jingine a bango, gyaɗa na cikin kwarya, amma inda akwatin yake zama babu komai sai shatinsa a ƙasa.

Maƙwabciyarsu Selina, wadda take kawo wa tsohon kunu kowace safiya, ita ta yi magana. "Ai ya bayar. Watan jiya ne. Wani baƙo da yake aikin ƙodago a gonakin citta ya mutu, ba wanda ya san danginsa. Ana shirin naɗe shi a tabarma, Baba ya ce a'a, a zo a ɗauki nasa."

"Ya sake ke nan," Anti Tamar ta faɗa a hankali.

Faustina ta san ya taɓa bayar da ɗaya, amma ba ta san abin ya zama al'ada ba sai ranar. Bartholomew, mai gyaran babur a bakin titi, ya miƙe ya ce mahaifinsa a akwatin Baba Gershon yake kwance. Da damina ya mutu, rafi ya cika, babu hanyar fita. "Da na je yi masa godiya sai ya ce aro ya ba babana, in sun haɗu can za su daidaita." Wata tsohuwa ta ce mijinta ma haka. Wani ya ce ƙanensa. Duk sanda tsohon ya bayar da akwatinsa, sai ya nemo katako ya ƙera wani, ya shiga ya gwada, ya mayar da gyaɗarsa ciki.

A bayan ɗakin Faustina ta tarar da katakan da ya fara yankawa na sabon. Ta bi layin zarton da yatsa. Ya karkace, ya dawo, ya sake karkacewa. A da yankan Kaka kamar an ja da zare yake. A nan ne kukan da ta riƙe tun jiya ya ƙwace mata.

Kawu Ezekiyel ya same ta a tsugune. "Tashi, 'yata. Mu je Kafanchan mu sayo. Lokaci na tafiya."

"Kawu, ka bar ni in ƙarasa masa."

"Ke? Kin iya?"

"Ni nake riƙe masa katako tun ina aji biyu. Na san awonsa."

Ya ƙare wa katakan kallo. Can ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga. "Me zan riƙe?"

Yini biyu suka yi a kai. Bartholomew ya rufe shagonsa ya zo da ƙusoshi. Mazan unguwa suna karɓa-karɓa da zarto, Faustina tana awo tana nuna inda za a yanka, mata suna goge katako da samfefa suna raira waƙoƙin jana'iza. Kawu Ezekiyel ya buge babban yatsansa da guduma har farcen ya yi baƙi, bai ajiye ba. Da aka zo batun fenti Anti Tamar ta hana, ta ce Baba ya tsani a rufe fuskar katako mai kyau. Man gyaɗa kawai aka shafa.

Akwatin bai fito daidai ba. Gefen hagu ya ɗan fi na dama tudu, murfin ma sai da aka danna. Ran Asabar da aka fito da shi daga coci, masu son ɗauka sun yi yawa har Fasto ya ce a riƙa sauyawa a hanya, don kowa ya sa kafaɗa. Haka aka yi ta tsayawa ana miƙa wa na gaba har maƙabarta.

Ran Litinin Faustina ta koma makaranta, tafukanta duk sun yi bororo, alli ma da kyar take riƙewa. Wata yarinya a layin gaba ta tambaya, "Anti, me ya sami hannunki?"

"Aiki na taya kakana," ta ce. Ta juya ga allo ta ci gaba da rubutu.