Yashin Gulbi a Cikin Boris

Sau ukku ina canza boris ɗin tayar gaba ta dama a motar surukina, Alhaji Mu'azu, cikin rani guda. Sau ukku! Ni Malami, da na yi shekara goma sha biyu ina riƙe da sifana a bakin tashar Jega, tun ba a ba mu jihar Kabi ba.

Motar akori-kura ce, da ita yake jigilar albasa daga Aliero, ran kasuwa kuma ya ɗauki mutane. In tana tahiya miƙe shiru kake ji, amma da ya karya sitiyari hagu sai ta fara gurza kamar ana niƙa gero bisa dutse. Wanga ba aikin duba ba ne. Kwanar hagu tana jefa nauyi kan tayar dama, in boris, ƙarfen da taya ke juyawa bisa shi, ya ci sai ya yi kuka. Na ɗaga ta a jak, na juya taya, na ji gurzar a tafin hannuna. Na sa sabo, na cika shi da giris. Sati shida, ga ta ta dawo.

A karo na ukku ne raina ya ɓaci na wanke tsohon giris ɗin da kananzir cikin gwangwanin madara. Da ya kwanta, mi zan gani a ƙasa? Yashi. Fari, mai laushi, irin na gulbi. Nan take na gane. Duk Jumma'a da hantsi Baba, surukin nawa, yakan dawo daga Aliero, taya da zafi, ya zarce da motar cikin gulbi har ruwa ya rufe rabin taya, ya wanke ta fes don kada ya je masallaci da warin albasa. Ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwa, zuƙa yake yi. Ruwa da yashi su shige, giris ya koma kunu.

To, wa zai faɗa mashi? Ni da ko ruwa ban iya sha a gabansa, in mun haɗu sai na tuɓe takalmi na durƙusa? In buɗe baki in ce, “Baba, kai ke kashe motarka”? Na rufe gwangwanin na tura ƙarƙashin benci.

Shi ko bai ji kunyata ba. Cikin tasha, gaban direbobi, ya ce, “Na ba shi ɗiya, shi ko yana sa mani tsohon boris.” Wallahi ran nan ko tuwo ban ci ba. Kafin wata ya ƙare an raɗa mani suna Mai Tsohon Boris, har masu Datsun da na daɗe ina yi wa aiki sunka riƙa wuce garejina suna kau da kai.

Baba ya kai motar can garin Maiyama gun wani bakanike, Tamu, daidai faɗuwar damina. Tamu ya sa boris irin nawa sak. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ba mai shiga da mota, Baba ya koma wanki da bokiti a ƙofar gida. Ƙara ta ɗauke ɗif. Kai, zo ka ji yabo! Tamu mai hannun albarka, Tamu kaza. Ruwan sama ya yi aiki, Tamu ya ɗauki suna, ni kuma ina zaune ina korar ƙuda.

Matata Dije ta tambaye ni ya fi sau goma mi ke cina. Na ce ba komi. Ubanta ne.

Ruwa ya janye, albasa ta fito, Baba ya koma gulbinsa. Wata Laraba da azahar ina kwance bisa benci na ji ƙarar motar Baba tun daga kwanar tasha, gurrr, gurrr. Maiyama ta yi mashi nisa, dole ya tsaya guna. Na miƙe na durƙusa na gaishe shi. Sai na hango Dije a kujerar gaba da jaririnmu Habibullahi a cinya, sun dawo daga suna a Gehuru.

Na kama tayar da hannu biyu na girgiza. Tana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Da sun sha kwana biyu ko ukku nan gaba, da ta fice ta bar su.

Ban san sadda na jawo gwangwanin ba. Na zazzage shi bisa bonet, gaban direbobin da sunka taru.

“Baba, ga tsohon boris ɗin da nake sa maka! Yashin gulbi ne. Duk ran da ka tsoma ta da zafinta, shi take sha. Ko wa ya gyara ta, haka za ta yi.”

Baba ya matso. Ya ɗebi yashin ya murza tsakanin yatsunsa. Wani direba ya ce, “Ashe Malami ba ya da laifi.” Wata tara ina jiran in ji wagga magana.

Baba bai dubi kowa ba sai ni.

“Wanga yashi ya bushe,” in ji shi. “Tun yaushe ka sani?”

“Tun bara, Baba.”

“Tun bara.” Ya juya ya dubi Dije da yaron. “Ka sani tun bara, ka bar ni ina ɗaukar ɗiyata da ɗanka bisa tayar ga? Kunyata ta fi maka su?”

Dije ta sauko da yaron, ta wuce ta gabana. Na ɗauko jak na durƙusa gindin tayar, na fara kwance ta.