Sunayen da Almu Ya Goge

Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, ranar aka soma. Kada ka ce ban riƙe ba, Almu. Ranar na miƙa maka faifan ajiyata a shagonka na turin fina-finai, bakin titin Sheme, na ce ƙara mini zango na huɗu. Ƙari kawai. Da wane yare na faɗa?

Zango uku na dogon shirin nan, ni na zauna na raɗa wa kowane kashi suna. Sunan shiri, zango, lamba... da sifili a gaban ɗaya har tara, don kada akwatin talabijin ya ɗora goma a kan biyu. Ka san amfanin sifilin? Ina ka sani! A aji huɗu ma da bulala na nuna maka shi, kana lasar majina.

Ka goge. Duka. Kowane kashi yanzu sunansa Almu Turi Sheme, da lambar wayarka. Wai haka ake yi, duk faifan da ya shigo shago sai an buga masa tambarin mai shago. Tambari! Shanu na kawo maka?

Ga ta nan kan katifa, matata Hajiya Suwaibatu, ido a kan talabijin. Tun da hawan jini ya kayar da ita ba ta riƙe jiya. Shirin nan ke jera mata kwanaki: kashi ɗaya bayan la'asar, gobe na bayansa. Da shi take sanin duniya gaba take tafiya.

Yanzu abin da akwatin ya ga dama yake ɗaukowa. Saurayin cikin shirin da aka binne, ta yi kukansa ta gama, washegari ga shi zaune yana shan shayi.

"Malam, ashe suna dawowa? To a ƙara tuwo, Salim na hanya."

Salim... ɗanmu. Haɗarin motar haya, hanyar Ƙanƙara. Da hannuna na jera itacen kabarinsa.

Bilki, ɗiyarmu, wai Baba ka ƙyale ta, ka ce e mana. In ce e? Duk tsawon aikina na koyarwa ban taɓa ba kuskure maki ba, sai a ɗakina? Na ce, Hajiya, Salim ya rasu. Ta kwarma ihun ranar farko, sabo fil. Jiya ma haka. Yau ma za ta tambaya, zan kuma faɗa. Wa ya jawo? Ni na goge sunayen?

Na gwada gyarawa. In buɗe wannan, in buɗe wancan... waƙar farko iri ɗaya, fuskoki iri ɗaya, idona na ruwa. Wannan kafin ɗaurin auren ne ko bayansa? Ban sani ba. Ni, ban sani ba!

Na zo shagonka, kana tauna rake. Ko tashi ba ka yi ba.

"Haba Malam, fim ne fa. Ko ta ina aka kama ya kamu."

'Yan acaba suka bushe da dariya. Rabinsu ni na koya musu rubuta sunansu, ga inda suka ƙare, ga inda ka ƙare, mai sayar da aikin wasu da sunansa a kai.

An idar da la'asar. Tana laluben rimot da hannun da ke motsi. Wanne zai fito yau, mai rai ko gawa? Bilki ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, ni, kamar ni ne... A'a. Ba ni ba ne. Ba zai yiwu ya zama ni ba.

Ba gyara nake nema ba, ba ka iya ba. Ranar Juma'a, ƙofar masallaci, kafin jama'a su watse, ka karɓi lasifika ka faɗi sunanka, tunda kana son a san shi. Ka ce kai ka sa Hajiya take binne ɗanta kullum. Kai, ba kowa ba. Ka ba ta haƙuri, ka ba ni, da ƙarfi... yadda Bilki za ta jiyo daga nan.