Rumfar Fa'izu da Alkakin Gara

Shekara goma sha huɗu Fa'izu yana suyar kaji a bakin Ƙofar Mazugal, kuma kowa ya san ɗan daudu ne, don bai taɓa ɓoye rangwaɗarsa ba. Abin da ya tsare masa rumfarsa wata ƙa'ida ce da ƙungiyar 'yan kasuwar wurin ta rubuta tun tuni: ba a korar mutum saboda tafiyarsa ko muryarsa, muddin bai cuci kowa ba.

Kwatsam sai ga takarda daga sama, wai daga yau babu ƙungiya ko unguwar da za ta kafa irin wannan kariya da kanta, abin da jiha ba ta rubuta ba, babu shi. Shugaban ƙungiya ya karanta a taro yana share gumi. Tun bai rufe baki ba Alhaji Jibril mai sayar da taya ya miƙe. Bawan Allahn nan ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan rumfar, don tana kallon titi, amma ranar sai ya rikiɗe mai kishin tarbiyya, har da jan aya. Aka ba Fa'izu kwana bakwai ya kwashe kaskonsa.

Hankalin Fa'izu ya tashi matuƙa, don ba shi da wani wurin. Amma bai roƙi kowa ba. Aika wa Hajiya Zaituna matar Alhajin kawai ya yi, cewa ta yi haƙuri, alkaki da dubulan na garar 'yarta Safiya, da saura mako biyu a kai gidan miji, ta nemi wani hannun, shi yana fama da ƙaura.

Ai kuwa gida ya kama da wuta, don duk unguwar babu mai hannun Fa'izu a alkaki. Wace uwa ce za ta kai gara da alkaki mai tauri, dangin ango su yi ta yi da ita har jikoki? Hajiya ta gwada wata mai yi a Koki, aka kawo ɗanɗano, Alhaji ya gatsa, haƙorinsa na Makka ya fita. Kwana uku ba a ɗora tukunya a gidan ba.

A rana ta huɗu sai ga Alhaji a rumfar, yana magana yana kallon gefe, wai an yi gaggawa, a bar zancen sai bayan biki.

"Bikin wa, Alhaji? Safiya kaɗai ka haifa? Ina Zubaida?" in ji Fa'izu.

Alhaji ya juya ya kama hanya. Fa'izu ya yi dariya har da tafi, amma kafin mai ya yi zafi dariyar ta ɗauke. Da, haƙƙinsa ne ya zauna a nan. Yanzu kuwa alfarma ce, ranar da biki ya ƙare ta ƙare. Ya shiga ƙirga 'yan matan gidajen shugabannin ƙungiya da yatsu, ya samu tara, ƙaramar tana aji biyu a firamare.

Ya ɗaga hannu sama, da gaske yake, ya ce, "Ya Allah, ka ƙara musu 'ya'ya mata."